Lungun da Dogon Bene Ya Danne

Da sunan Allah zan buɗe baki, shi ya ara mini kwanan da zan faɗi wannan. Ni ban iya rubutu ba, ko a allo ban yi nisa ba. Jikata Safiya, wadda ta yi boko a Kano wajen dangin ubanta, ita ke riƙe da biro, ni ina faɗi.

Jiya da la'asar muna kan rufin gidanmu na unguwar Rusaifa a nan Makka, ta nuna mini hasumiyar nan mai agogo da ke tsaye a kan Harami, ta ce wai ta karanta tarihinta a waya. Na ce to, me suka ce yana ƙarƙashinta? Ta ce dutse ne da tsohon ginin sojan Turkawa. Na ce sun faɗi gaskiya, amma sun rage. A gindin dutsen nan akwai lungu, a lungun akwai gida, a gidan akwai ɗakin ƙasa da na zauna. Lungun aka rushe aka yi wani dogon bene, wanda a zamaninsa in namiji ya ɗaga kai zai ga ƙarshensa sai ya dafe hula. Shi ma ya ci zamaninsa aka kwantar da shi, sannan aka dasa wannan da kuke gani. Ƙasa ɗaya, sau uku tana sauya kaya a kan idona. Na farkon zan ba da labari, don shi ne ya kusa raba ni da 'yata.

Mu uku muka kama hanyar gabas daga ƙasar Haɗeja, ni da maigidana Malam Audu da yarinya 'yar shekara biyu. Muka yada zango a Fallomi ta ƙasar Chadi, Malam yana ɗinkin hula, ni ina daka a gidajen mutane. Muka tashi, muka yada a Abashe. Muka tashi, muka shiga Sudan, muka yi kaka uku muna tsintar auduga a gonakin bayan Madani. Muna can muka ji an ce Turawa sun miƙa mulki a gida. Malam ya ce, "Allah ya sa alheri. Auduga dai ba ta ji labari ba, ɗauko buhunki."

Dole in tsaya a nan in faɗi wani abu, don yaran yanzu ba su san shi ba. Yarinyar nan 'yar farina ce. A garinmu mace ba ta faɗin sunan ɗan farinta, ba ta cewa nata ne a gaban mutane, ba ta wasa da shi ido na gani. In an tambaye ta sai ta ce na gidanmu ne. Ga shi kuma sunan uwar Malam aka sa mata, kunya ta zama biyu, ta ɗan fari da ta suruka. Uwani nake ce mata in ya zama dole, yawanci ma "ke" ya ishe mu. Ita kuma Yaya take ce mini, yadda ta ji ƙannena suna faɗi. Da a gida muke, kakarta ce za ta raine ta. Hanya ce ta bar mini ita a hannu. Ubanta kaɗai ke kiran ta da sunan yanka, shi ya koya mata in ta ɓata ta faɗi sunanta da nasa.

A Bar Sudan, muna jiran jirgin da za mu haye, zazzaɓi ya kama Malam. Kwana shida. Ya ga teku da idonsa, bai haye ba. Na yi takaba a rumfar wasu Barebari masu kirki. Da na fita, aka ce in koma gida. Na ce da wace ƙafa? Gaba ta fi kusa.

Mai jirgin katakon da ya ɗauke mu ya sauke mu a wata gaɓa da ba gida ba bishiya, ya nuna wani tudu ya ce Jidda tana bayansa. Kwana biyu muna tafiya a ƙasa, tudu yana haifar tudu. Haka muka shigo ƙasar nan, ba takarda ba shaida.

A Makka Allah ya haɗa ni da Hajiya Dije. Tsohuwa ce haifaffiyar nan, ubanta ya zo daga Katsina da ƙafa tun zamanin Turkawa. Hausarta rabi Larabci ce. Gidanta yana wani lungu a Jiyad, kusa da Harami har kana jin tarin ladan kafin ya fara kira. Ta ba mu ɗakin ƙasa, ni kuma ina yi mata wanki da ɗiban ruwa.

Lokacin ana ta faɗaɗa Harami. Kullum ƙarar katafila, kullum ƙura a kan abinci. Yau ka sayi burodi a wani shago, jibi ka zo ka tarar da fili. Wata rana na dawo daga famfo na ga an shafa jan fenti a bangonmu, an yi rubutu. Na ce, "Hajiya, mene ne wannan?"

Ta ce, "Ya binti, 'yata, rabu da su. Wai wani tajiri zai yi amara a nan, bene mai hawa goma da wani abu, na saukar alhazai. Shekara uku ke nan suna zuwa da gwangwanin fentinsu, bukra, bukra, kullum sai gobe. Wa ya taɓa ganin hawa goma? Mai ruwa zai kai musu tulu can sama?"

Na yi dariya don ta yi, amma tun daga ranar in na wuce bangon nan sai in kau da kai.

Aikin hajji ya zo. Na sauke faralina, sannan na tsaya aiki a Mina tare da matan takari, irinmu da suka zo ta ƙasa. A zamanin nan naman hadaya zube yake, ya fi ƙarfin masu ci. Mu sai mu yanyanka shi siriri kamar na kilishi, mu barbaɗa gishiri, mu shanya a igiya da kan duwatsu, mu zauna muna korar ƙuda. Wanda ya bushe shi ne miyar shekara. Ba wurin yaro ba ne, ga wari ga rana, shi ya sa na bar yarinyar wajen Hajiya Dije. Ranar da zan tafi ta biyo ni har bakin ƙofa ta riƙe mini zane. Mutane na wucewa, na ɓamɓare hannunta na ce, "Ke, saki. Ki zauna a ƙofar nan, nan zan zo in same ki." Ban waiga ba.

Kwana bakwai na yi niyya. Da nama ya bushe aka ce ana neman masu shara da naɗe tantuna a Arfa, na bi. Kullum in ce gobe zan koma, kullum a ce saura kaɗan. Ina shara, jan fentin nan yana tsaye a idona. Sai da na yi kwana ashirin.

Na shigo Makka da hantsi, buhun nama a kaina. Ni ba karatu ba, da alamu nake gane hanya: mai sayar da wake da burodi a kwana, sai famfo, sai gida mai tagogin katako, sai lungunmu. Na sami mai wake. Na sami famfo. Daga nan sai shingen kwano.

Na ce na yi ɓatan kai. Na koma wajen mai wake na sake farowa. Famfo, shinge. Sau uku. A na ukun na sa ido a tsakanin kwano biyu na leƙa.

Rami ne. Rami mai faɗin kasuwar ƙauyenmu, mai zurfin rijiya, mutane a ciki kamar tururuwa, ga rodi a tsattsaye, ga katafila tana cizon gindin dutse. Ramin nan shi ya zama dogon benen. Daga baya na yi shekara biyu ina sayar wa leburorinsa waina, ina kallon shi yana tashi hawa bisa hawa, har aka sa masa wani akwati mai ɗaukar mutum ya kai shi sama, har alhazan Jidda suna zuwa kallo. Amma ranar nan ba bene na gani ba. Ina neman inda ƙofarmu take ne, ƙofar da na ce a jira ni, sai na ga iska ce a wurin.

Na tare wani lebura Bayamale, na yi ta nuna ramin ina cewa Hajiya Dije, Hajiya Dije. Ya watsa hannu yamma ya ce, "Hindawiyya."

Kwana uku ina bin unguwar Hindawiyya gida-gida. Ina sallama in ce ko kun ga wata tsohuwa da aka taso daga Jiyad, da yarinya. A ce yarinyar wa? In ce ta gidanmu ce. Sai a ce Allah ya bayyana, a ci gaba da abin da ake yi. Yanzu na gane, da na ce tawa ce, da wasu sun ajiye tsintsiya sun bi ni. A lokacin ban gane ba.

Rana ta uku na same ta a wani ɗaki bayan garejin masu tasi, kwance, ƙafa a ɗaure. Ta faɗi ne ranar kwashe kaya. Tana ganina ta fashe da kuka, ni kuwa ina duba bayan ƙofa, ina duba ƙarƙashin gado.

Ta ce, "Ya binti, ki yafe ni. Kwana ɗaya suka ba mu. Na zo da ita har nan, wallahi na zo da ita. Washegari na farka ba ta. Tun a mota take cewa Yaya ta ce a ƙofa. Na aika an duba, an ce ba a gan ta ba. Yau kwana tara."

Na ajiye buhun nan a ɗakinta. Ban san na fito ba, sai ganina na yi a hanyar Jiyad ina gudu, takalmi a hannu.

A ƙofar shingen na tarar da wani dattijo baƙi a kan benci, da sanda. Na yi masa sallama da Hausa don in gwada, ya amsa. Malam Bube sunansa, Basakkwace, shi ke gadin wurin. Na ce ko ya ga wata yarinya 'yar shekara bakwai.

Ya ce, "Mai zanen saƙi? Wadda ba ta magana?"

Na durƙusa a gabansa.

Ya ce, "Kwana biyu tana zamne bakin ramin ga, wuri guda. In na kore ta, ta zagaya ta dawo. Na ba ta burodi, ta ci rabi ta ɓoye rabi. Na ce ɗiyata, mi kike jira? Ta ce an ce ta zamna ƙofa. Injiniya ya ga za ta faɗa ciki, ya kira askarawa sunka tafi da ita. Tashi, ba nisa."

Ya bar wa wani sandarsa, ya raka ni har ofishin. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce ni in shiga. Na san in suka tambayi takarda, jirgi za a sa ni a mai da ni inda na fito, ita kuma tana nan. Na shiga da wannan a cikina.

Ɗaki ne cike da maza. Babban askari mai gashin baki yana bayan tebur, fanka tana juyi a kansa. Aka kira tafinta, wani magidanci cikin farar riga, jikan Hausawa ne amma a nan aka haife shi. Na faɗi abin da ya kawo ni. Babban ya jawo wata takarda ya dube ta, ya yi magana.

Tafinta ya ce, "Ya hajja, akwai bint, wata yarinya, da aka kawo daga wajen amara. Yana tambaya, 'yarki ce?"

Jama'a, kwana uku ban ci ba saboda yarinyar nan. Amma maza takwas sun zuba mini ido, an tambaye ni a fili ko 'yar farina tawa ce. Kafin zuciyata ta yi magana, bakina ya riga ya amsa yadda ya saba.

Na ce, "Ta gidanmu ce."

Ya juya ya faɗa. Babban ya ajiye alƙalami.

"Ɗayyib. Sunanta?"

"Uwani muke ce mata."

Ya duba takardar. "La. Ba shi ta faɗa ba."

"Tana da wani."

"To faɗi."

Na buɗe baki. Sai na ga uwar Malam a zaune a kan tabarmarta tana kaɗi, ta ɗago tana dubana. Shekara tara da aurena, sunan nan bai taɓa bi ta harshena ba. Na rufe baki. Na sunkuyar da kai na ja mayafi, yadda aka koya mini 'yar mutunci take yi.

Babban ya ɗaga murya. Ba a daɗe da hana cinikin bayi a ƙasar ba, kuma an sha kama masu zuwa da yaran mutane su ce nasu ne. Ga mace ta ce yarinya ba tata ba ce, ba ta san sunanta ba, tana ɓoye fuska. Ko ni ce a kujerarsa abin da zan zata ke nan.

Tafinta ya matso, ya yi ƙasa da murya. "Ya hajja, fita yanzu kafin ya ce iƙama, takardar zama. Ban san mene ne tsakaninki da bint ɗin ba. Amma bayan la'asar mota za ta kai su gidan marayu a Jidda. In sun tafi, khalas, shi ke nan."

Na fito. Malam Bube ya miƙe ya duba bayana, bai ga kowa ba.

"Ina ɗiyar?"

Na faɗa masa yadda aka yi.

"Ke, tsaya. Taki ta ko ba taki ba?"

Na yi shiru.

"Ta fari ta?"

Na gyaɗa kai.

Ya tafa hannu. "La'ilaha illallahu! Kin ƙetare Chadi, kin ƙetare Sudan, kin ƙetare teku, kin bar miji a ƙasa, duk ba ki yar da kayan ga a hanya ba? Kunyar wa kike ji nan? Wanga mai gashin baki ɗan garinku na?"

Na ce, "Baba, sunan uwar mijina ne."

"Tana ina?"

"Tana gida."

"Tana jiyo ki daga nan? In tana jiyowa, ki gaishe ta, ki ce jikarta za ta Jidda a raba ta ga wanda ya samu." Ya sassauta. "Ɗiyata, ni ma uwata ba ta taɓa kiran sunana ba har ta koma ga Allah, kuma na san tana so na. Can an san ma'anar shirunki. Nan ba a sani ba. Nan wanda ya yi shiru ba shi da kowa."

Aikinsa na jiran sa amma bai tafi ba. Muka zauna a gindin bangon ofishin, inuwa tana guduwa muna bin ta. Na sa kai a gwiwa ina gwada sunan a cikin zane. Harafin farko ya fito, sauran ya maƙale. Na sake. Aka kira azahar, na yi salla a wurin. Na sake gwadawa. Duk motar da ta rage gudu sai in ɗago in duba. Na ce in koma ciki, na tuna takarda, na zauna. Na ce in jira, na tuna Jidda, na miƙe. Haka har aka kira la'asar.

Motar ta zo, koriya, mai rufin tamfol. Aka buɗe wata ƙofa ta gefe, yara biyar suka fito a jere, wani askari a gaba, tafinta a baya da takardu. Duk an yi musu aski saboda ƙwarƙwata, duk riga iri ɗaya. Na duba na farko, na duba na biyu. Ta huɗun ce. Da tafiyarta na gane ta, tafiyar ubanta. Ba ta duban kowa. Aka ɗaga na farko aka sa a mota, aka ɗaga na biyu, aka ɗaga na uku. Ta ɗora ƙafa a kan matakin.

Safiya, sunan uwarki ne, kin san shi, sa shi da hannunki.

"Asma'u!"

Ban san muryata ta kai haka ba. Tattabarun kan rufi suka tashi. Direba ya leƙo. Yarinyar ta tsaya da ƙafa ɗaya a sama, ta waiga a hankali, tana duba fuskokin maza, don tun Bar Sudan ba wanda ya kira ta da shi.

Na ce, "Asma'u 'yar Audu! 'Yata ce! Ni na haife ta, ranar Talata, a ɗakin uwata! Ubanta yana kwance a Bar Sudan! Tawa ce, ba ni da kowa sai ita!"

Sai ta gan ni. Ta fizge daga hannun askarin, ta zo ta cusa kai a cikina har na koma da baya na bugi bango.

Babban ya fito jin hayaniya. Tafinta ya nuna masa takardar, ya nuna ni. Ya dube mu, ya yi tambaya.

"Yana cewa, don me ba ki faɗa ba tun ɗazu?"

Malam Bube ya ce, "Gaya mishi kunya ta. Ta fari ta."

Tafinta ya ce, "Kakata ma haka take yi wa babana. Wallahi mun zaci ba ta son shi ne." Ya juya ya yi dogon bayani da Larabci. Babban ya girgiza kai, ya faɗi wata kalma, askarawa suka yi dariya. Aka kawo tawada na dangwala yatsa. Ba wanda ya ce iƙama. Motar ta tashi da yara huɗu, kuma har yau in na yi salla ina sa su a addu'a.

Malam Bube ya koma bakin shingensa. Ni kuwa na kwance zanen da ke ƙuguna, a gaban askarawa da masu wucewa, na goya 'yar shekara bakwai, ƙafafunta suna dukan cinyata. Muka kama hanyar Hindawiyya. Ina jin numfashinta a wuyana, ina jin ƙashin ƙirjinta.

Mun yi nisa, mun bar ƙarar katafila a baya, sai ta ce, "Yaya."

Na ce, "Na'am."

"Ashe kin san sunana?"

Na ce, "Na sani."

Muka wuce shago biyu. Sannan ta ce, "Ƙara faɗi."

Na duba gaba, na duba baya. Ba kowa a hanyar sai wani jaki da salkunan ruwa, mai shi ya tsaya sayen burodi. Na juyar da kai wajen kafaɗata, na faɗa mata a kunne.